Don Allah a Cire Sunana

Laccar da aka gabatar wa 'yan kasuwa, ɗalibai da sakatarorin ƙungiyoyin Hausawa mazauna Libreville



Duk wanda ke cikin garin nan a yammacin Asabar, 26 ga Agustan 2023, ba zai manta ba. Ana gama kaɗa ƙuri'ar babban zaɓe gwamnati ta sa dokar hana fita da dare, ta kuma katse intanet a faɗin Gabon. WhatsApp ya yi tsit, Facebook ya ƙi buɗuwa, mai jiran labarin kayansa daga Duwala ko Kwatano ya zauna jugum da waya a hannu. Haka aka yi ta zama har safiyar Laraba, 30 ga wata, lokacin da sojoji suka fito a talabijin suka ce sun kifar da gwamnatin Ali Bongo. A ranar ne layi ya dawo.

Da ya dawo kuwa, bai bar komai a baya ba. Tsohon labarin da ya ɓata wa wani suna yana nan inda aka bar shi. Hoton katin wani da aka liƙa a Facebook yana nan. Hukuma ta iya rufe wa ƙasa guda intanet da umarni ɗaya cikin yini ɗaya, amma mai shago a Mont-Bouët sai ya shekara yana roƙo a sauke masa hoto ɗaya tak, bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Wannan roƙo, da wanda ake kai wa shi, da abin da ya kamata ya yi in ya zo masa, su ne batun wannan zama.

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a ƙasar nan. Kakannin wasu sun biyo ta Kamaru suka sauka Bitam da Oyem da Minvoul tun zamanin Turawan mulki. A wancan lokaci sunan mutum yana hannun mai masaukinsa da limamin unguwa. In ana son ba shi kaya bashi, ko yana neman aure, su ake tambaya, su kuma sun san abin da ya kamata a faɗa da wanda ya riga ya wuce. Yau ƙanin yarinya ne zai rubuta sunan manemin yayarsa a Google, abin da ya fito a layin farko shi ne shaidar da za a kai gaban iyaye.

A ɗauki misalin mai sayar da wayoyi, ba sai an raɗa masa suna ba. Jami'an tsaro sun kama shi bisa zargin sayen kayan sata. An tsayar da shi bayan tebur, an jera wayoyi a gabansa, an ɗauki hoto. Kafin magariba wata jaridar intanet ta buga a shafin da ake kira faits divers, da cikakken sunansa, da shekarunsa, da ƙasar da ya fito, da unguwar da yake zaune. Bayan 'yan kwanaki ya kawo rasit, aka sallame shi, ko kotu ba a je ba. Babu ɗan jaridar da ya koma ya rubuta labari na biyu, domin sakin mutum ba ya jan masu karatu kamar kama shi. Shekaru sun shuɗe, labarin farko ne kawai ke yawo. Ga baƙo mai sabunta katin zama lokaci zuwa lokaci, mai neman hayar shago, mai neman amanar dillali a Dubai ko Guangzhou, wannan hoto ɗaya ya fi tara nauyi.

Kada kuma a ɗora wa 'yan jarida laifin duka. Mafi yawan bayanan jama'ar nan da ke watse a intanet hannun gida ne ya sa su, da kyakkyawar niyya. Sakataren ƙungiya ya buga jerin waɗanda suka ba da gudummawar ginin masallaci, suna da lambar waya da abin da kowa ya bayar. Wani ya tsinci carte de séjour, wato katin zama, a tasi, ya ɗauki hotonta gaba da baya ya sa a Facebook don a sada ta da mai ita, ga ranar haihuwa, ga lamba, ga sa hannu. Ana neman taimako wa mara lafiya, sai a haɗa da takardar asibiti mai ɗauke da sunan cutar. Kati ya koma hannun mai shi, mara lafiya ya warke, masallaci ya tsaya da ƙafarsa, amma babu wanda ya tuna ya koma ya share. Ɗan damfarar da zai bugo ya kira mutum da cikakken sunansa, ya ce ya yi kuskuren turo masa kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money, ba ya bukatar abin da ya wuce irin wannan jeri.

Ke nan wanda ake kai wa roƙon gogewa ba lallai ya zama editan babbar jarida ba. Yana iya zama wani da ke zaune a wannan ɗakin.

Doka ba ta yi shiru ba. Gabon na cikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya da suka fara yin dokar kare bayanan mutane, wato doka mai lamba 001/2011 ta 25 ga Satumban 2011, wadda ta kafa hukumar CNPDCP. An yi mata gyara a 2023, hukumar ta koma APDPVP. Tsarinta ya bi sawun dokar Faransa ta 6 ga Janairun 1978: mutum na da ikon ya ga abin da aka ajiye a kansa, ya nemi a gyara kuskure, ya nemi a share abin da ba daidai ba ne, ko ya tsufa, ko aka tara ba bisa ƙa'ida ba, in an ƙi kuma ya kai kuka ga hukuma. Nijar ta yi tata dokar a 2017, da hukumar HAPDP a Yamai. Najeriya ta sa hannu a kan tata a Yunin 2023, da hukumar NDPC a Abuja. A watan nan na Yunin 2023 ne kuma yarjejeniyar Tarayyar Afirka da aka amince da ita a Malabo, nan kusa, tun 2014, ta fara aiki. Takardu dai akwai su. Abin da babu takardar da za ta yi wa mutum shi ne auna kowane roƙo da idonsa, kuma a nan ne shari'o'in wasu ƙasashe ke da amfani.

Ta farko ta wani ɗan Sifen ce, Mario Costeja González. A 1998 jaridar La Vanguardia ta Basalona ta buga 'yar gajeriyar sanarwa sau biyu cewa za a yi gwanjon gidansa saboda bashin hukuma. Ma'aikatar ƙwadago ce ta sa a buga, don masu saye su sani. An biya bashi, magana ta mutu. Sai jaridar ta ɗora tsofaffin bugunta a intanet, sanarwar ta farfaɗo, duk wanda ya nemi sunansa ita yake fara gani. A 2010 ya kai ƙara ga hukumar kare bayanai ta ƙasarsa, yana neman abu biyu: jarida ta cire, Google ya daina nunawa. Hukumar ta ce jarida ba ta yi laifi ba, amma Google ya cire mahaɗin. Google ya ƙi, magana ta kai kotun Tarayyar Turai a Luksambag, wadda ta yanke hukunci ranar 13 ga Mayun 2014. Ta ce bayani na iya zama gaskiya, an kuma buga shi bisa doka, amma da tafiyar lokaci ya daina da amfani ga jama'a, ya zama cuta kawai ga mai suna. A irin wannan hali injin bincike zai daina kawo shi in an nemi sunan mutumin, ko da shafin asali yana nan. Ranar farko da Google ya buɗe fom ɗin neman haka, roƙo kusan 12,000 suka shigo.

A lura da abin da kotun ta raba. Sanarwar tana nan a rumbun jaridar, mai nazarin tarihi zai same ta. Abin da aka yanke shi ne igiyar da ta ɗaure ta da sunan mutumin. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin mai roƙo da mai shafi na tasowa ne don dukansu sun ɗauka hanya biyu ce kawai, ko a goge duka ko a bar duka.

Shari'ar jaridar Le Soir ta Beljiyam ta fi kusa da abin da edita a Libreville zai gamu da shi. A 1994 jaridar ta ba da labarin hatsarin mota da ya kashe mutum biyu, ta ambaci cikakken sunan direban, wanda likita ne. An hukunta shi a 2000, ya gama abin da ke kansa, kotu ta wanke masa tarihi a 2006. A 2008 jaridar ta buɗe rumbunta kyauta a intanet, marasa lafiya suka fara cin karo da labarin in sun nemi sunan likitansu. Ya roƙa a ɓoye sunan, aka ƙi, ya kai ƙara. Kotunan Beljiyam suka ce a bar labarin yadda yake, a maye gurbin sunan da harafin X a bugun intanet kawai, na takarda kuwa kada a taɓa shi. Mawallafin jaridar, Patrick Hurbain, ya kai kuka kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai yana cewa an tauye 'yancin jarida. Ranar 4 ga Yulin 2023 kotun ta ce ba a tauye ba, da rinjayen alƙalai 12 a kan 5. Wannan rabuwar kai ma abin lura ce: alƙalai biyar sun ga haɗari a taɓa rumbun jarida ko da da harafi ɗaya.

Ita dai wannan kotu, a Yunin 2018, ta ƙi roƙon wasu 'yan'uwa biyu da aka ɗaure kan kisan ɗan wasan Jamus Walter Sedlmayr, wanda aka kashe a 1990. Laifin babba ne, ƙasa duka ta bi shari'ar, su da kansu kuma sun nemi 'yan jarida lokacin da suke fafutukar a sake duba hukuncinsu. A Landan ma, a Afrilun 2018, alƙali ɗaya ya saurari 'yan kasuwa biyu da suka taɓa zaman kurkuku, kowanne na son Google ya manta da shi. Ya amince wa wanda ya yi wata shida, ya amsa laifinsa, ya yi nadama. Ya hana wanda aka yanke wa shekara huɗu kan maguɗin lissafin kuɗi, yana ta musu, yana kuma ci gaba da harkar da jama'a za su iya faɗawa hannunsa.

To, saƙo ya shigo wayar sakatare ko akwatin edita: “Ranka ya daɗe, don Allah a cire sunana.” Abu na farko shi ne amsawa. Yana da sauƙin faɗa, amma a nan aka fi faɗuwa, domin shafuka da yawa ko adireshin da za a rubuto musu ba su da shi, wasu kuma wanda ya buɗe su ya koma gida da kalmar sirri a kansa. Dokar Turai ta GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta ba da wata ɗaya a ba da amsa. Ƙungiyar da mambobinta ke haɗuwa kowace Juma'a ba ta da dalilin kai wa mako.

Sai a tabbatar mai roƙon shi ne mai sunan, ko iyayen yaro ne, ko wakili na gaskiya. Abokin gaba na iya neman a sauke tallar shagon wani da sunan shi ne. Amma tabbatarwa ba ta nufin a ce ya turo hoton fasfo da katin zama, a ajiye su a wayar da yara ke wasa da ita. Mutumin da ya zo rage bayanansa bai kamata ya tafi ya bar ƙari ba. Kiran lambar da aka san shi da ita, ko shaidar dattijo ɗaya, yakan wadatar.

Daga nan sai a dubi abin da kansa. Akwai wanda ba ya son dogon tunani: lambar waya, kwatancen gida, hoton kati, lambar asusu, takardar asibiti, hoton yaro ƙarami, hoton tsiraici. Waɗannan a sauke su a ranar, ko da mai su ne ya ba da izini a da, domin wanda ya yarda jiya yana da ikon fasawa yau. Jerin gudummawa ba ya rasa albarkarsa don an cire lambobin waya. Mai wuya shi ne labarin da ya faru da gaske, kamar na mai wayoyin nan. A nan edita na da matakai da dama kafin ya kai ga share labari. Zai iya ƙara layi a sama cewa an sallami mutumin ba tare da tuhuma ba, da kwanan wata. Zai iya cire hoton ya bar rubutun. Zai iya mayar da sunan haruffa biyu. Zai iya sa wa shafin alamar da ke hana injin bincike ɗaukarsa, aikin da bai fi minti biyar ba ga mai kula da shafi. Faransa ma haka take yi da jaridar gwamnatinta: tun da ta koma intanet zalla a 2016, sunayen waɗanda aka ba takardar zama 'yan ƙasa ko suka canja suna ana ajiye su inda Google ba ya kaiwa, mai bukata ya shiga ya duba.

Manyan kafofi sun fara bin wannan hanya ba tare da kotu ta tilasta su ba. Jaridar Boston Globe ta Amurka ta buɗe shiri a Janairun 2021 na karɓar roƙon mutanen da tsofaffin labaran ƙananan laifuka ke bi. A Yunin shekarar, kamfanin dillancin labarai na AP ya ce ya daina ambaton sunan wanda ake zargi da ƙaramin laifi in ba za a bi shari'ar har ƙarshe ba. Wannan na biyun ya fi arha, don labarin da bai ɗauki suna ba babu mai zuwa roƙo a kansa.

Kada mutum ɗaya ya yanke hukunci shi kaɗai, a kuma rubuta abin da aka yanke da dalilinsa. Amfanin wannan yana bayyana ne ranar da mai roƙon ya zo da babbar mota. Talaka kan zo da “don Allah”, mai hali kan zo da takardar lauya ko ambulan, kuma in ba a yi hattara ba sai a wayi gari an share wa wanda jama'a ke da haƙƙin sanin labarinsa, an bar na wanda ba ya cutar da kowa. Mutanen garin nan sun ga akwatunan kuɗi da aka nuna a talabijin bayan juyin mulkin 2023, sun ga bidiyon da Ali Bongo ke roƙon abokansa na waje su ɗaga murya. Wannan tarihin ƙasa ne, babu mai cewa ya tsufa. Haka wanda ya riƙe kuɗin ƙungiya ya cinye, ko dillalin da ya karɓi kuɗin kujerar Makka ya ɓace, yana kuma shirin buɗe sabon ofis. Malamai a nan sun fi kowa sanin cewa addinin da ya yi umarni da rufa wa mutum asiri shi ne kuma ya halatta a ambaci aibinsa don a tsare wasu. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da hakan ya halatta, ciki har da gargaɗi da ba da shawara ga mai neman ƙulla hulɗa.

Masu kuɗi ma ba kullum suke roƙo ba. A Fabrairun 2023 ƙungiyar 'yan jarida ta Forbidden Stories ta fallasa wani kamfanin Sifen mai suna Eliminalia, wanda sana'arsa ita ce wanke sunan masu biya. Cikin dabarunsa akwai kwafe labari a ɗora shi a wani shafin bogi da tsohon kwanan wata, sannan a kai ƙarar jaridar asali cewa ita ce ta yi sata, don a sauke nata. Editan da ya ga takarda mai tambari da turancin lauyoyi ya firgita ya share, ya yi musu aiki kyauta. Tsoratarwa kuma takan juye wa mai ita. A 2003 mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand ta kai wani mai ɗaukar hoto ƙara kan hoton gidanta da ke cikin dubban hotunan gaɓar tekun Kalifoniya. Kafin ƙarar sau shida aka sauke hoton, biyu daga ciki lauyoyinta ne. A watan da ya biyo baya mutum fiye da 400,000 suka leƙa shafin, ta kuma faɗi shari'ar.

Saura abu ɗaya da ya wajaba a faɗa wa mai roƙo tun farko, don kada a yi masa alkawarin da ba za a cika ba: mai shafi na iya share nasa ne kawai. 'Yan Kano da ke nan za su tuna 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har aka dakatar da shirya fina-finai na watanni. Ba a kan wani shafi yake ba balle a roƙi mai shi, kuma a lokacin ko WhatsApp ba a ƙirƙiro ba. Yau kowane labari yana da kwafi a shafukan da suka kwashe shi, da hotunan allo a wayoyin mutane, da rumbun Internet Archive da ke adana tsofaffin shafuka tun 1996. Kowanne sai an bi shi daban.

Dokar Turai kuma ba ta tsallako teku ba. A Satumban 2019 kotun Luksambag ta ce Google ba dole ne ya ɓoye mahaɗi a duk duniya ba, iyakarsa ƙasashen Tarayyar, don haka abin da ya ɓace ga mai bincike a Faris yana iya fitowa ga mai bincike a unguwar Nzeng-Ayong ta garin nan. Abin da ke buɗe ga kowa shi ne fom ɗin da Google ya faɗaɗa a Afrilun 2022, wanda ke karɓar roƙon cire lambar waya, adireshin gida, hoton katin shaida da makamantansu daga sakamakon bincike, da kuma hanyar da ya buɗe a 2021 ta cire hotunan yara 'yan ƙasa da shekara 18. Sakataren da ya sauke abu daga shafinsa zai kyauta in ya zauna da mai roƙon suka cika wannan fom tare, domin da Faransanci ko Turanci yake, yana kuma neman adireshin kowane shafi ɗaya bayan ɗaya. In mai shafin a Gabon yake ya kuma ƙi sauraro, mataki na gaba shi ne rubutaccen koke zuwa APDPVP, haɗe da kwafin roƙon farko, da ranar da aka aika shi, da hoton shafin kamar yadda yake a ranar.